Layin dogon Yamai zuwa Dosso: wa ke leƙa ƙarƙashinshi kafin damina?

Ina gaida masu saurarenmu na Junju da Karakara da Zabori, da na Gaya, da ƴan'uwa na ƙetaren iyaka a Kamba da Malanvil, waɗanda ke bin mu ta wanga shafi in rediyo ta ƙi kamawa.

Ranar da munka buɗe layin tarho kan tsadar kaya a kasuwa, wani dattijo ya kira daga wajen Karakara. Ana ta maganar farashin shinkafa da mai, shi kuwa sai ya ce: "Ɗana, ku da ke zuwa Yamai, jirgin nan da anka ce muna zai iso Gaya, ina ya kwana? Ni dai ina so in gan shi da idona kafin in koma ga Allah." Na ce mishi, "Baba, Allah ya ja kwana, za ka gani." Munka yi dariya, na ɗauki kira na gaba. Da na koma gida maganar ta ƙi barina, don na san amsar rediyo na ba shi, irin wadda ake ba mutum in lokaci na gudu. Dattijo ya cancanci abin da ya fi haka. Shi ya sa na zauna na rubuta wanga, ko da zai yi tsawo. Ku yi haƙuri da ni.

Waɗanda sunka manta, bari in tuna musu. Ranar 7 ga Afrilu 2014 anka yi bikin buɗe tashar jirgin ƙasa a Yamai, shugaba Issoufou Mahamadou tare da takwarorinshi na Benin da Togo, Boni Yayi da Faure Gnassingbé. Kamfanin Bolloré na Faransa ya ɗauki aikin. An so jirgi ya iso Dosso ranar 18 ga Disamba ta wannan shekara, lokacin bikin Dosso Sogha, amma aikin bai kammala ba sai daga baya. Ranar 29 ga Janairu 2016, saura makonni kaɗan a yi zaɓe, anka ƙaddamar da layin, kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa Dosso. Lokacin ina sabon shiga aikin rediyo, kuma na tuna yadda munka riƙa maimaita labarin har murya ta dushe: Nijar ta samu dogo bayan shekara tamanin tana jira.

Shekara tamanin ɗin ba ƙari na yi ba. Layin da Faransawa sunka faro daga Kotonu a 1900 ya iso Paraku a 1936, kilomita 438, nan ya tsaya. A 1959 anka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Dahomey da Nijar, wadda daga baya ta koma OCBN: kaya su zo ta jirgi har Paraku, a ɗora ma kamiyo, su biyo ta Malanvil da Gaya. Kakanninmu sun ji alkawarin za a ƙaraso da dogo bakin kogin Isa, iyayenmu sun ji, mu ma mun ji.

Abin da ya tsaida aikin na baya-bayan nan kowa ya ji shi a labarai. Wani attajiri ɗan Benin, Samuel Dossou, mai kamfanin Petrolin, ya ce shi anka fara ba aikin tun 2010. Kotun ɗaukaka ƙara ta Kotonu ta ba shi gaskiya a Nuwamba 2015, kotun ƙolin Benin ta tabbatar a Satumba 2017. A 2018 shugaba Patrice Talon ya nemi su duka biyun su janye, a ba ƴan Sin. A ƙarshen 2022 Bolloré ya saida harkokinshi na sufuri a Afirka ga kamfanin MSC. Tsakanin Dosso da Paraku, fiye da kilomita 400, ba a haɗa ba. Layin Yamai zuwa Dosso ya zauna shi kaɗai, ba ya kai ga teku, ba ya kai ga wani dogo, kuma jirgin kasuwanci bai taɓa yin jigila a kai ba.

To, Baba, nan jirgin ya kwana. Sai dai akwai abin da ya fi damuna fiye da rashin jirgin, kuma shi ne dalilin rubutun.

Duk wanda ya shiga bas daga Dosso zuwa Yamai ya zauna ta taga ya san abin da nike nufi. Dogon na bin gefen kwalta, wani wuri ka gan shi, wani wuri rairayi ya binne shi, wani wuri sabara da geza sun fito tsakanin ƙarafa. Masu ketare shi kullum su ne shanun makiyaya da amalanke, sai raƙuman dawan Kure in sun ga dama. Mu kuwa mun saba kallonshi kamar tsohuwar mota da anka jingine bayan gida: ba ta tafiya, ba ta cutar da kowa, ranar da anka samu kuɗi a tada ta. Wanga tunani shi ne kuskurenmu. Dogo ba a kan ƙasa kawai ake aza shi ba. Sai an tara ƙasa an daddage ta, an yi tudu mai tsawo kamar ganuwa, don jirgi ba ya son hawa da gangara. Duk inda kori ko hanyar ruwa ta gitta, sai a bar mata ƙofa ƙarƙashin tudun, wato kwalbati, wanda injiniyoyinmu ke ce ma dalo. Saboda haka abin da ke kwance tsakanin Yamai da Dosso ganuwa ce mai ƙofofi, wadda ta ratsa koramu da yawa, ta ratsa Dallol Boso a wajen Birnin Gaure. Jirgi ya zo ko bai zo ba, ruwa na zuwa kowace shekara, kuma ta waɗannan ƙofofi zai nemi wucewa.

Mi ke faruwa in ƙofar ta toshe? Mutanen Mokwa sun ga amsar da idonsu.

Mokwa gari ne a jihar Neja ta Najeriya, a kan tsohon layin dogon Legas zuwa Kano da Turawan Ingila sunka shimfiɗa fiye da shekara ɗari da ta wuce. Da asubahin 29 ga Mayu 2025, bayan ruwan sama mai ƙarfi, ambaliya ta afka ma unguwannin Tiffin Maza da Unguwar Hausawa. Fiye da mutum 150 anka tabbatar sun rasu, wasu da yawa ba a ga gawarsu ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da farko jita-jita ta bazu cewa dam ne ya fashe. Ƴan jaridar da sunka je wurin sunka tarar da wani bayani: ruwa ya taru bayan tudun tsohon dogon da ke gefen gari, kwalbatocin da ya saba bi sun cushe da shara da itace da laka, tudun ya zama madatsar ruwa wadda ba wanda ya gina ta don ta riƙe ruwa. Da nauyi ya yi mata yawa sai ta ɓalle gaba ɗaya, ruwan da ya kamata ya wuce sannu-sannu cikin kwanaki ya sauko ma mutane cikin mintoci, suna barci.

Ku tsaya ku yi tunani a kan wanga. Ba jirgi ya kashe su ba, ba a yi karo ba, ba a sauka daga layi ba. Ƙofar ruwa ce ta toshe, ba wanda aikinshi ne ya leƙa ya gani. Aikin da maza goma da shebur za su gama cikin yini biyu a watan Afrilu. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa, kuma Unguwar Hausawan Mokwa cike take da ƴan'uwanmu da sunka je neman abinci daga arewa.

Wani zai ce ai na Mokwa tsohon dogo ne na zamanin Turawa, namu jiya-jiya anka yi shi. Nan ma akwai gyara. Tsufan dogo ba a lissafa shi da shekarun haihuwa kaɗai, ana lissafa shi da yawan daminar da ta wuce a kanshi ba tare da an taɓa shi ba. Dogon da jirgi ke bi kullum yana da ido a kanshi: direba na jin inda ya yi girgiza, ma'aikata na bin shi a ƙasa, in wani abu ya motsa a ranar za a sani. Wanda ba a bi ba shi da kowa. Namu ya sha damina kusan goma, cikinsu har da ta 2024, wadda ta hallaka kusan mutum 400 a faɗin ƙasa, ta kuma yanke hanyar Yamai zuwa Dosso a wajen Sorey cikin watan Agusta, har motoci sunka yi cirko-cirko. Ruwan da ya iya yanke kwaltar da ake kula da ita, ake kuma karɓar peyaj dominta, mi kuke zaton ya yi ma tudun ƙasan da ke gefenta?

Bari in ɗan shiga cikin aikin, don in ana maganar "gyara" mu san mi ake nufi. Tsakuwar nan da ake zubawa ƙarƙashin dogo ba ado ba ce. Aikinta biyu: ta riƙe sandunan da ke kwance a gicciye, waɗanda ƙarfen ke zaune a kansu, kada su zame, ta kuma bar ruwa ya tsiyaye ƙasa da sauri. In iskar hunturu ta cika tsakaninta da rairayi, sai ta daina tsiyayewa, ta riƙe damshi, ciyawa ta samu wurin tsiro, saiwa ta shiga ta sassauta ƙasa. Ƙusoshi da maɗaurai su yi tsatsa. Inda shanu da amalanke sunka maida mahaya, gefen tudun ya riƙa zaizayewa, ruwan farko ya samu hanya, na biyu ya faɗaɗa ta, kafin shekara uku ka ga rami ƙarƙashin ƙarfe, dogo na lilo a sama.

Sai zafi. Malaminmu na fizik a CEG ya koya muna cewa ƙarfe na miƙewa in ya ji zafi, mun rubuta a kaye don jarrabawa, ba mu san ranar amfaninshi za ta zo ba. Ƙarfen dogo mai tsawon kilomita ɗaya, in zafinshi ya ƙaru da digiri 30, yana neman ƙara tsawo da wajen santimita 35. A watan Afrilu, ranar da iska ta kai digiri 44, ƙarfen da ke kwance cikin rana zai iya wuce 60. In maɗaurai na da ƙarfi, tsakuwa na cike, dogon zai haɗiye wanga matsi ya zauna. In sun sassauta, sai ya nemi hanya ta gefe, ya lanƙwashe kamar maciji. Ƙarfen da ya lanƙwashe kuwa, sau da yawa sai dai a yanke a sa sabo. Ban ma kawo maganar masu sayen tsohon ƙarfe ba, waɗanda maƙwabtanmu na Najeriya sun daɗe suna kuka da su kan layukansu. Kowace ƙusa da anka kwance anka auna a kilo, wata rana da kuɗin ƙasa za a sayo madadinta daga waje.

Akwai kuma mahaɗa, inda dogo ya gitta hanyar mota. Ba mu manta daren 5 zuwa 6 ga Mayu 2019 ba, lokacin da tankar mai ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, jama'a sunka taru kwasar mai, wuta ta tashi. Mutum 55 anka fara ƙirgawa a wurin, wasu sunka cika daga baya a asibiti. Hukumomi sun ce motar a kan layin dogo ta kife. Ba ina cewa dogo ya kunna wutar ba, kowa ya san yadda ta kama. Abin da nike so ku lura da shi, duk inda ƙarfe da tudu sunka haɗu da babbar mota mai nauyi, wuri ne da ya kamata a ce yana cikin lissafin wani ma'aikaci, da alama, da fitila, da ranar da za a sake duba shi, ko da jirgi bai taɓa wucewa ba.

Wanga lissafi shi ne masana ke kira auna hatsari, kuma kada sunan ya tsorata ku. Kowane manomi a Junju na yin shi. Kafin ruwa ya sauka, mai gida na zagaya rumbunanshi. Ya duba duwatsun gindi, ya ƙwanƙwasa itace ya ji ko gara ta shiga, ya ɗaga kai ya dubi jinka. Ba shi da kuɗin gyara komi a lokaci ɗaya, saboda haka tambaya biyu yake ma kanshi: wanne ya fi kusa da faɗuwa, kuma wanne ne in ya faɗi asarar ta fi yawa? Rumbun da ya tsage amma ba komi ciki sai kara, zai iya jira. Wanda tsagar ƙarama ce amma geron shekara na ciki, da shi za a fara. Injiniyan dogo ma haka yake yi, bambancin kawai shi yana rubutawa. Yana bin layi a ƙasa, kilomita bayan kilomita, da lambar PK kamar yadda muke gani a bakin kwalta. Kowane kwalbati ya samu lamba da hoto da bayani: faɗinshi kaza, ya cushe rabi ko gaba ɗaya, bakinshi ya tsage ko bai tsage ba, ruwan fili nawa ke gangarowa gare shi. Sannan tambayar da ta fi kowace muhimmanci: in ya ɓalle, mi ke ƙasa da shi? Daji ne, ko gonaki, ko kwalta, ko gidajen mutane?

Daga wanga kundi ake fidda tsarin aiki. Kwalbatin da ya cushe kuma akwai gari a ƙasanshi, a yashe shi kafin ƙarshen Mayu, ba jira. Wanda ya cushe a tsakiyar daji, a sa shi layi na biyu. Ƙarfen da ya lanƙwashe a inda jirgi ba ya bi, a rubuta, a bar shi har ranar da anka yanke shawarar tada layin. Bayan kowane babban ruwa a sake zagayawa, don abin da ke lafiya a Yuni zai iya zama rami a Agusta. Ga wanda ya san aikin, wanga ba wani abin mamaki ba ne. Dattawanmu sun ga zamanin da ma'aikatan TP ke bin hanya a ƙasa, kowane rukuni da yankinshi, suna cike rami tun yana ƙarami, suna share magudana kafin ruwa.

Kuma ƙaramin abu kan jawo babba ta hanyar da ba wanda ya zata. A Kamaru, ranar 21 ga Oktoba 2016, kwalbati ne ya rufta a kan kwaltar Yaounde zuwa Douala. Hanya ta yanke, matafiya sunka yi ca a tashar jirgi, anka ƙara taragu don a kwashe su, jirgin ya sauka daga layi a Eseka, mutum 79 sunka rasu bisa ƙidayar hukuma. Binciken gwamnati ya ambaci gudu da lodi da matsalar birki. Mai auna hatsari na ƙwarai ba ya duban dogo shi kaɗai, yana duban shi tare da kwaltar da ke gefenshi. Namu kuwa, a wurare da dama, tsakaninsu bai fi jifa ba. In tudun dogo ya riƙe ruwa ya sake shi gaba ɗaya a wurin da kwalta ke ƙasa da shi, ita za ta karɓa, kuma ita ce hanyar da mara lafiyarmu ke bi zuwa babban asibiti, ita ce hanyar raken Junju da kifin Gaya zuwa kasuwar Yamai.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa, don na ji shi a bakin abokaina a fada. Za su ce ƙasa na fama da matsalar tsaro, ga ɗiyanmu na karatu a runfunan zana, ga likita ba magani, kai kana maganar kashe kuɗi a kan dogon da ba jirgi. Maganarsu na da nauyi, ban raina ta ba. In da cewa na yi a zuba miliyoyi a sake tsakuwa da ƙarfe don jirgin da ba a san ranar zuwanshi ba, da ni ma sai in ce a'a. Abin da nike roƙo ya fi haka araha nesa ba kusa ba: injiniyoyi kaɗan da mota ɗaya su bi layin su rubuta, sannan a ɗauki samarin garuruwan da ke bakinshi su yashe ƙofofin ruwa. Mun saba da irin wanga aiki. Kowace rani ana biyan mutanen karkara su haƙa ramukan rabin wata don farfaɗo da fako. Mi zai hana a yi haka ga kwalbatoci? Kuɗin zai shiga aljihun talaka a lokacin da rumbu ya fara sauka, kuma wanda anka biya ya kula da wuri ba zai zuba ido a kwance ƙusarshi ba.

Matsalar da ta fi kuɗi wuya ita ce ta mai shi. Kwalta na da asusun gyara, FER, inda kuɗin peyaj ke shiga. Abin dariya, kalmar da Faransanci ƙarfe take nufi, amma hanyar mota take ma aiki. To hanyar ƙarfen fa? Tambayoyin da nike son ma'aikatar sufuri da ta ayyuka su amsa ma jama'a a fili ba su da yawa. A yau, a hannun wa wanga layi yake? Wane ofishi ne ke da alhakin zagaya shi, kuma yaushe anka yi zagayen ƙarshe? Magajin garin da layin ya ratsa kominshi, in ya ga kwalbati ya cushe, lambar wa zai kira, kuma yana da izinin sa mutanenshi su taɓa? Abin da ya shiga shari'a tsakanin manyan kamfanoni da ƙasashe biyu, ƙaramin ma'aikaci tsoron taɓa shi yake, kowa ya ce ba nashi ba ne. Ruwa kuwa ba ya jiran hukuncin kotu.

In hukuma ta auna ta ga layin ba zai taɓa aiki a yadda yake ba, ta faɗa. Ba abin kunya ba ne. A kwashe ƙarfen a ajiye ko a saida shi da rasit kafin ɓarayi su saida, a fasa tudun a wuraren da yake tare ruwa. In kuwa ana da niyyar tada shi, a kiyaye shi yadda ake kiyaye kayan da ake son amfani da su gobe. Ni dai ra'ayina a kiyaye, don aikin tara ƙasa da gina ƙofofin ruwa na kilomita 140 ba ƙaramar dukiya ba ce, kuma ko faɗin dogon za a canza, akwai abin da za a mora a ciki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne halin da muke ciki, ba a ɗauka ba, ba a ajiye ba.

Maganar faɗi ma tana da muhimmanci, ku bari in taɓa ta a gurguje. Layin Yamai zuwa Dosso faɗinshi mita ɗaya, daidai da na Kotonu zuwa Paraku. Tsohon layin Najeriya milimita 1067 ne. Sabon da kamfanin Mota-Engil ke ginawa daga Kano zuwa Maradi, ta Daura da Katsina da Jibiya, kilomita 284, wanda anka aza tubalinshi a Fabrairu 2021, shi kuma milimita 1435. Taragon wannan ba ya hawa wancan. Ke nan ƙasar da ba ta taɓa riƙe dogo ko ɗaya ba za ta wayi gari da iri biyu, kowane da kayan gyaranshi da makanikanshi. Ƴan'uwanmu na Maradi su yi murna, mu ma muna taya su, amma tun yanzu su tambayi wa zai riƙa kula da guntun da ke cikin ƙasarmu, daga iyaka zuwa gari, kuma daga wane asusu.

Yanzu in dawo gida. Kada wani ya ɗauka ina adawa da zuwan jirgi Gaya. Wallahi ina son shi kamar yadda Baba na Karakara ke son shi. Mun ga yadda manyan motoci sunka cinye hanyar Dosso zuwa Gaya har sai da anka sake gina ta, yankin Dosso zuwa Bela da kuɗin Amurka. Jirgi ɗaya mai tarago ashirin zai ɗauke kayan kamiyo ashirin ko fiye daga kan kwalta. Mun kuma ga abin da rufe gada a 2023 ya jawo ma Gaya, masu dako da ƴan kabu-kabu da masu abinci a bakin duwan, lokacin da kaya sunka koma zagayawa ta Lome da Burkina. Garin da ke rayuwa da wucewar kaya ya san darajar hanya.

Sai dai yankinmu shi ne ya fi ko'ina ruwa a Nijar, Gaya na samun wajen milimita 800 a shekara. Ƙasarmu ta dallol ce da fadama, Mawri da Foga, inda ruwa ke kusa da sama, inda rake da shinkafa da rogo ke ci da gidaje. Tudun da zai tashi daga Dosso ya nufi kogi, a irin wagga ƙasa, in an ƙididdige ƙofofinshi da ruwan shekarun baya, ko an yi su daidai anka bar su sunka cushe, gonar wani za ta koma tabki, ta wani ta bushe, gidan wani ya kwana cikin ruwa. Saboda haka ranar da tawaga ta zo da taswira, ta tara sarakuna da magadan gari a Gaya don a yi muna albishir, ina roƙon wakilanmu kada su tsaya ga maganar diyyar gonaki kaɗai. Su nemi a nuna musu inda kowace ƙofar ruwa za ta zauna, su kawo tsofaffin da sunka san inda kori ke bi a shekarar ruwa mai yawa. Su nemi a rubuta cikin yarjejeniya nawa za a ware kowace shekara don kulawa, wa zai riƙe kuɗin, da kuma abin da zai faru da layin in kamfani ya tattara ya tafi ko shari'a ta tsaida shi, tunda mun riga mun ga hakan sau ɗaya. Su kuma ce a kai su su ga yadda anka kula da na Yamai zuwa Dosso.

Kafin nan, ga abin da za mu iya da hannunmu. Masu bin mu daga Kure da Birnin Gaure da ƙauyukan da ke bakin layin, da direbobin da ke bin hanyar kullum, in kun ga kwalbatin da ya cushe, ko inda ruwa ya ci gindin tudun, ku ɗauki hoto da salula, ku haɗa da lambar PK mafi kusa da sunan ƙauyen, ku aiko ta saƙon wanga shafi. Kada kowa ya shiga cikin ramin don hoto, macizai na son irin wurin. Zan tattara su bisa tsarin kilomita, in miƙa ma hukumomin jaha a rubuce, in kuma gayyaci wanda abin ya shafa ya zo situdiyo ya amsa a gaban makirofo.

Baba na Karakara, in ɗiyanka sun karanta maka wanga, ka yafe mini amsar da na ba ka rannan. Ka sake kira ranar Laraba bayan la'asar, zan bar maka layi, ina so ka faɗa ma masu saurare inda ruwa ke bi a wajenku in damina ta yi ƙarfi.